Ƙanƙarar Tekun Arewa Na Narkewa: Ina Jiragen Dako Za Su Bi?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu je can ƙurewar arewacin duniya, inda sanyi ke daskarar da teku har mutum ya taka shi da ƙafa, inda rana kan faɗi a ƙarshen kaka ba a sake ganinta sai bayan watanni. Shekaru aru-aru ƙanƙarar wannan teku ta tare wa jiragen ruwa hanya. Yanzu tana ja da baya, kuma manyan ƙasashe da kamfanonin dakon kaya sun zuba ido suna lissafi. Wasu na cewa an samu sabuwar hanya tsakanin Asiya da Turai wadda za ta kashe wa mashigin Suwez kasuwa. Shin haka ne? Wa zai ci riba, wa zai biya? Ku gyara zama.

Tekun da muke magana a kai sunansa Aktik. Ƙasashe ne suka kewaye shi: Rasha ta ɗauki kusan rabin gaɓarsa, sai Kanada, sai jihar Alaska ta Amurka, sai tsibirin Girinlan da ke ƙarƙashin Danmak, sai Norwe. Ƙurewar kudancin duniya akasin haka take, ƙasa ce a tsakiya da teku kewaye da ita, kuma babu wata gajeriyar hanya da narkewar ƙanƙarar can za ta buɗe wa fatauci. Saboda haka yau arewa muka nufa.

Ƙanƙarar tekun Aktik tana da lokacin cika da lokacin raguwa. A watan Maris, ƙarshen hunturunsu, takan shimfiɗu a kan murabba'in kilomita miliyan 14 zuwa 15. Daga nan sai ta shiga narkewa har zuwa Satumba, lokacin da ta fi ƙanƙancewa. Tun shekarar 1979 taurarin ɗan'adam ke auna ta ba fashi. A shekarun 1980, abin da kan rage a watan Satumba ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumban 2012 miliyan 3.4 kaɗai ya rage, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa. Filin da ya zama ruwa tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ya kusa ninki huɗu na faɗin Najeriya.

Amma matuƙin jirgi ba faɗin ƙanƙara kaɗai ke damunsa ba, kaurinta ya fi damunsa. Akwai sabuwar ƙanƙara, wadda ta daskare a hunturun bana, kaurinta mita 1 zuwa 2, jirgi mai ƙarfi na iya keta ta. Akwai kuma tsohuwa, wadda ta shekara huɗu ko biyar ba ta narke ba, gishirinta ya tsiyaye, ta yi tauri ta yi tudu. Ita ce mai fasa cikin jirgi. A 1985 irin wannan tsohuwa ta kai kashi ɗaya cikin uku na ƙanƙarar tekun. Zuwa 2020 ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Dalili kuwa ɗumamar yanayi ce, kuma a can ta fi gaggawa. Farar ƙanƙara tana mayar da mafi yawan hasken rana sama. In ta narke, ruwan teku mai duhu ya bayyana, sai ya shanye zafin, zafin ya ƙara narkar da wata ƙanƙarar. Masana sun auna cewa daga 1979 zuwa yanzu, yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na saurin da sauran duniya ke yi.

(Gajeren kiɗa)

Neman hanya ta wannan teku ba yau aka fara ba, kuma ya ci rayuka. A 1845 wani hafsan sojan ruwan Ingila, John Franklin, ya tashi da jirage biyu, Erebus da Terror, da mutum 129, don ya ratsa ta tsibiran arewacin Kanada ya ɓulla tekun Pasifik. Ƙanƙara ta riƙe jiragen a 1846, ba ta sake su ba. Mutanen suka bar jiragen suka kama tafiya da ƙafa a kan ƙanƙara, suna jan kwale-kwale, yunwa da sanyi da cuta suka gama da su, ko mutum ɗaya bai tsira ba. Sai a 2014 aka gano Erebus a ƙarƙashin ruwa, Terror kuma a 2016. Abin lura, 'yan ƙabilar Inuwit mazauna wurin sun daɗe suna ba da labarin inda jiragen suka nutse, kaka da kakanni, kuma labarin nasu ya taimaka wajen gano su.

Wanda ya fara ratsa wannan hanya ta Kanada da jirgi shi ne Roald Amundsen ɗan Norwe, da wani ɗan ƙaramin jirgin kamun kifi, kuma sai da ya kwashe daga 1903 zuwa 1906. Ta ɓangaren Rasha kuwa, Nordenskiold ne ya fara, da jirginsa Vega mai tutar Suwidin. A ƙarshen Satumban 1878, saura ƙiris ya kai mashigin Bering, ƙanƙara ta rufe shi, ya zauna wuri ɗaya har Yulin 1879. Tafiyar da ta ci wa waɗannan mutane shekaru, yau jirgin dako na yin ta cikin mako biyu ko ƙasa da haka in lokacin ya yi kyau.

Hanyoyi uku ake magana. Ta farko ita ce wadda ke bin gaɓar Rasha, daga wajen tsibirin Novaya Zemlya har mashigin Bering, tsawon kimanin kilomita 5,600. Ita ce mai rai a yanzu. Ta biyu ita ce ta tsibiran Kanada, mai lungu da saƙo, inda iska da igiyar ruwa ke tura ragowar tsohuwar ƙanƙara ta cushe mashigai. A 2013 wani jirgi mai suna Nordic Orion ya bi ta da kwal daga Bankuba zuwa Finlan, amma har yau jiragen dako da ke ratsa ta ba su taka kara sun karya ba. Ta uku kuwa ita ce wadda za ta miƙe ta tsakiyar teku, ta kan ƙurewar arewa kanta. Wannan har yanzu a takarda take.

Abin da ke jan hankali shi ne tazara. Jirgin da ya tashi daga Yokohama a Japan zai je Rotadam a Holan, in ya bi ta Suwez, zai ci sama da kilomita 20,000. In ya bi ta gaɓar Rasha, kimanin 13,000 ne. Kwanaki goma ko fiye sun ragu ke nan, da man da za a ƙona, da albashin ma'aikata. Daga Shanghai ragin bai kai haka ba. Daga Singafo kuwa babu wata riba, Suwez ta fi kusa. Wato tun a kan taswira, hanyar arewa ta Japan ce da Koriya da arewacin Sin, ba ta Asiya duka ba ce.

Kada mai sauraro ya ɗauka teku ne ya buɗe fayau. Mafi yawan shekara sai da jagora, kuma jagoran shi ne jirgi mai fasa ƙanƙara. Rasha ce kaɗai a duniya ke da irin waɗannan jirage masu aiki da makamashin nukiliya, tun daga na farko mai suna Lenin da ya fara aiki a 1959. Na zamani, Arktika, da ya shiga aiki a 2020, tsawonsa ya haura mita 170, yana keta ƙanƙara mai kaurin kusan mita 3. Ba sara yake yi kamar gatari ba. Ƙirjinsa a karkace yake, sai ya hau kan ƙanƙarar, nauyinsa ya danne ta ta dare, ya ture gutsattsarin gefe, ya sake hawa. A bayansa sai wata baƙar gwadabe ta ruwa ta buɗe, jiragen dako su jeru a ciki ɗaya bayan ɗaya. In sun yi nisa da jagora, iska ta matso da ƙanƙara hanyar ta rufe. In sun matso da yawa kuma jagora ya ci karo da tudu ya tsaya cak, na baya ya afka masa, domin jirgi mai tan dubbai ba shi da birki. Wani lokaci sai an cusa hancin jirgin dakon a wani gurbi da aka yi a bayan jagoran, a ɗaure su tamau, a ja shi. Duk wannan a cikin duhun da ba ya wayewa, ko cikin hazo. Feshin ruwan teku da ya faɗo kan jirgi nan take yake daskarewa, ya taru ya yi nauyin da zai iya karkatar da ƙaramin jirgi, sai ma'aikata su fito da gudumar katako suna farfasa shi. Kuma kowane jirgi sai ya nemi izini daga Rasha, ya biya kuɗin jagora. Tun 2018 kamfanin nukiliyar gwamnati, Rosatom, ke riƙe da ragamar hanyar.

(Gajeren kiɗa)

To me ake ɗauka a wannan hanya? Nan ne zancen yake. A 2018 Shugaba Putin ya ba da umarnin cewa zuwa 2024 kayan da ke bin hanyar su kai tan miliyan 80 a shekara. Da 2024 ta zo, abin da aka samu bai wuce kimanin miliyan 38 ba. Kuma mafi yawansa ba kayan da suka taso daga Asiya za su Turai ba ne. Arzikin ƙasar Rasha ne ake fitarwa: iskar gas, ɗanyen mai, kwal, da ma'adinai irin na Norilsk. A zirin Yamal da ke arewacin Saberiya an gina tashar Sabetta a yankin makiyayan ƙabilar Nenets da garkunansu. Daga Disambar 2017 ake sanyaya gas a can har ya zama ruwa, a awon sanyi 162 ƙasa da sifili, a ɗura shi a tankokin jirage. An ƙera jirage 15 na musamman a Koriya ta Kudu saboda wannan aiki. In ƙanƙara ta yi kauri sai su juya su riƙa tafiya da baya, domin bayansu ne aka gina don fasa ta. Na farkonsu, Christophe de Margerie, ya kai gas daga Norwe zuwa Koriya ta Kudu cikin kwana 19 a 2017 ba tare da jagora ba.

Ni dai nan ne abin ke ci mini rai. Ƙona mai da gas da kwal shi ya ɗumama duniya har ƙanƙarar ta narke. Da ta narke, abin da aka fara yi da hanyar shi ne fito da ƙarin mai da gas da kwal. Duk wanda zai yi mana albishir da sabuwar hanya, ya haɗa da wannan a cikin albishir ɗin.

Jiragen da suka ratsa hanyar daga wannan baki zuwa wancan a 2024 ba su kai ɗari ba, kayansu kimanin tan miliyan 3. Mashigin Suwez kuwa a 2023 jirage sama da 26,000 ne suka bi ta cikinsa, wato sama da 70 kowace rana. Abin da hanyar arewa ta gani a shekara guda bai kai na kwana biyu a Suwez ba.

Me ya hana manyan jiragen kwantena, masu ɗauko mana wayoyi da babura da yadi, su koma arewa? A 2018 kamfanin Maersk ya gwada. Ya tura jirginsa Venta Maersk daga gabashin Rasha zuwa Sen Fitasbag, ya isa lafiya, sannan kamfanin ya ce gwaji ne kawai, hanyar ba ta kai ta maye gurbin wadda aka saba ba. Dalilan a fili suke. Sana'ar kwantena sana'ar alƙawari ce: jirgi zai iso ranar kaza, masana'anta na jira, kanti na jira. Ƙanƙara kuwa ba ta san alƙawari ba. A Nuwambar 2021 ta daskare da wuri a gabashin hanyar, jirage kimanin ashirin suka maƙale, wasu makonni, suna jiran mai fasa ƙanƙara ya iso daga nesa. Lokacin da hanyar ke buɗe wa jirgi na gama-gari bai wuce daga Yuli zuwa Oktoba ba. Sauran watannin fa, ina za a kai jirgin da aka kashe maƙudan kuɗi aka ƙarfafa jikinsa?

Sannan akwai zurfi. Wasu mashigai a gaɓar Saberiya, kamar na Sannikov, zurfinsu bai wuce mita 13 ba, alhali manyan jiragen zamani masu ɗaukar kwantena 20,000 zuwa sama suna nutsewa kusan mita 16 in sun yi lodi. Dole sai ƙaramin jirgi, ƙaramin jirgi kuwa kuɗin dakon kowace kwantena a cikinsa ya fi tsada, ribar gajeriyar hanya ta tafi. Ga kuma rashin kasuwa a hanya. Jirgin da ya bi kudu yana tsayawa Singafo, Kolombo, Jidda, Fot Sa'id, Tanja, nan ya sauke nan ya ɗauka, kowane zango da cinikinsa. A arewa dubban kilomita ne babu birnin kirki, babu wurin gyara, babu asibiti kusa. Kamfanonin inshora sun san haka, kuɗinsu ya nuna. Daga 2022 kuma yaƙin Yukren da takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa Rasha sun sa kamfanonin Turai sun ƙara nesanta kansu. Tun ma kafin nan, a 2019, manyan kamfanoni irin su CMA CGM da MSC da Hapag-Lloyd sun ce ba za su bi hanyar ba saboda kare muhalli.

Babbar shaida ta zo a ƙarshen 2023, lokacin da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya. Hanyar Suwez ta zama abin tsoro. Da hanyar arewa ta nuna, ai wannan ce ranarta. Amma ina jiragen suka nufa? Kudu suka yi, suka kewaye Afirka ta Kudu, suka yarda da ƙarin kwana goma zuwa mako biyu. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Mu a nan mun san yadda hanyar fatauci ke mutuwa, domin ta taɓa mutuwa a hannunmu. Turawan Fotugal sun iso gaɓar Afirka ta Yamma da jiragensu tun ƙarni na 15, amma ayarin raƙuma bai daina ratsa Sahara ba. Shekaru ɗari huɗu bayan haka fatake na tashi daga Kano, su bi Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, da fatu da gashin jimina da hauren giwa, kuma Larabawan Gadamas na zaune a Kano da gidajensu da harkokinsu. Abin da ya karya wannan hanya shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, mai tashi a kan lokaci, rani da damina, a farashin da raƙumi ba zai iya ba. Cikin 'yan shekaru kaya suka juya suka fuskanci Ikko, zangunan hamada suka yi shiru. Gano hanya daban, dogaro da ita daban. Hanyar Aktik an gano ta, ba a kai ga dogaro da ita ba tukuna.

(Gajeren kiɗa)

Na ce tukuna, domin abubuwa na motsi. Ƙasar Sin ba ta da gaɓa a Aktik, amma tun 2013 ta samu kujerar 'yar kallo a Majalisar Aktik, zauren ƙasashen yankin, kuma a shekarar ce jirgin kamfaninta COSCO ya bi ta arewa zuwa Rotadam. A 2018 ta fitar da manufarta a rubuce, ta kira hanyar wani reshe na shirinta na Hanyar Siliki. Sin tana da dalili. Mafi yawan kayanta da manta suna bi ta mashigin Malaka, ƙunci ne da abokin gaba zai iya toshewa. Ko hanyar arewa ba ta fi araha ba, samun ƙofa ta biyu abin so ne a wurinta. A Oktoban 2025 wani jirgin kwantena mai suna Istanbul Bridge ya isa tashar Felixstowe ta Ingila daga Ningbo cikin kimanin kwana 20, kusan rabin abin da akan ci ta kudu.

Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa a rahotonsa na 2021 cewa, kafin 2050, akwai yiwuwar a ga watan Satumba aƙalla sau ɗaya da tekun Aktik zai kasance kusan babu ƙanƙara, wato ƙasa da murabba'in kilomita miliyan 1. A lura, Satumba aka ce. Hunturu zai ci gaba da daskarar da tekun. Amma in hakan ya zama ruwan dare, hanya ta uku, ta tsakiyar teku, za ta buɗe na wasu makonni a shekara. Ruwan can mai zurfi ne, babban jirgi zai wuce, kuma ba na kowa ba ne.

Wannan zai taɓa Rasha ta inda ba ta so. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 234, ta ba ƙasar da ke gaɓa ikon kafa ƙa'idoji na musamman a ruwan da ƙanƙara ke rufewa mafi yawan shekara. Da wannan sashe Rasha da Kanada ke kafa hujja. To in ƙanƙarar ta daina rufewa mafi yawan shekara fa? Rigimar ma ta girmi dokar. Kanada na cewa mashigan tsibiranta ruwanta ne na cikin gida, Amurka na cewa hanyar kowa da kowa ce. A 1969 Amurkawa suka tura wata ƙatuwar tankar mai, Manhattan, ta ratsa wurin, Kanada ta fusata, kuma har yau ba a warware ba. A 2007 kuma Rashawa suka sauka da ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa suka kafa tutarsu a ƙasan teku daidai ƙurewar arewa. Majalisar Aktik, wadda ƙasashe takwas suka kafa a 1996 don su riƙa zama tare, ta samu tsaiko a 2022 da sauran bakwai suka dakatar da aiki da Rasha. Jirage na ƙaruwa a daidai lokacin da masu tekun suka rage magana da juna, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Dalili shi ne haɗari. In tanka ta fashe a teku mai ɗumi, ana kewaye man da shinge mai yawo a kwashe abin da ya samu, rana da ƙwayoyin halitta su ci saura. A Aktik man na shigewa ƙarƙashin ƙanƙara, ya daskare a cikinta, ya yi tafiya da ita, ya fito wani wuri da bazara. Sanyi na hana shi ruɓewa. Jirgin agaji kuwa yana iya kwana da kwanaki kafin ya iso. Duk da haka, tun 2023 an ga tankokin ɗanyen mai da ba a gina su don ƙanƙara ba suna bin hanyar zuwa Sin. Ga kuma baƙin mai, wanda manyan jirage ke ƙonawa saboda araharsa. Kunkunniyar hayaƙinsa na sauka a kan farar ƙanƙara ta dusashe ta, ta sa ta shan zafi ta narke da wuri. Hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya ta kafa ƙa'idojin tafiya a tekunan ƙanƙara da suka fara aiki a Janairun 2017, ta kuma haramta baƙin mai a Aktik daga Yulin 2024. Sai dai an bar ƙofofi: jirage masu tankin mai da aka yi wa kariya, da waɗanda ƙasashen gaɓar suka ɗauke wa, suna iya ci gaba har Yulin 2029.

Akwai kuma mutanen da ƙanƙarar nan ita ce hanyarsu. Ɗan Inuwit a arewacin Kanada yakan hau babur ɗin ƙanƙara ko keken da karnuka ke ja, ya bi ta kan daskararren teku ya je farauta ko ziyarar dangi a wani tsibiri. In jirgi ya keta wurin, ya bar masa kogi a tsakiyar hanya, ya fita da safe ta kan tudu ya dawo da yamma ya tarar da ruwa. A tsibirin Bafin akwai mahaƙar ƙarfe ta Mary River da jiragenta ke bi ta wani lungun teku inda narwal ke taruwa, wata babbar dabbar ruwa mai dogon haure ɗaya, wadda da sauti take gane hanya da abinci. Mafarauta suka yi ƙorafin cewa ƙugin jirage na korar ta. Da kamfanin ya nemi faɗaɗa aikinsa, suka tsaya kai da fata, kuma a 2022 gwamnatin Kanada ta ƙi amincewa da faɗaɗawar.

Mu fa, ina abin ya shafe mu? Kayan da ke zuwa mana daga Sin, ko ta Apapa da Lekki, ko ta Kwatano da Lome da Tema da Duwala, ba za su taɓa bi ta Aktik ba, domin ba hanyarsu ba ce. Wanda zai ji a jikinsa a nahiyarmu shi ne Masar. Kuɗin fiton Suwez ya haura dala biliyan 10 a 2023, ya faɗo zuwa kimanin biliyan 4 a 2024 saboda rikicin Bahar Maliya, kuma Misirawa sun ɗanɗana kuɗarsu. Ko kashi kaɗan na jiragen Japan da Koriya da arewacin Sin suka riƙa komawa arewa kowace bazara, asusun Masar zai nuna, haka tashoshin da ke cin abinci a wannan hanya. Najeriya kuma tana sayar da gas ɗin Bonny a kasuwannin Turai da Asiya, inda gas ɗin Yamal ke zuwa. Duk ranar da hanyar arewa ta ƙara sauƙi, abokin takara ya ƙara kusa da mai saye.

Ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, in ta narke, ba ta ƙara tsayin ruwa sosai. Amma zafin da ke narkar da ita shi ne ke narkar da ta kan tsibirin Girinlan, wadda a kan ƙasa take, ruwanta kuwa teku yake gangarawa ya ƙara masa tsayi, har gaɓar Ikko da Kwatano. Ragin kwana goma na masu jirage ne da masu gas. Hauhawar teku kuwa ba ta tambayar wa ya ci riba. Najeriya da Gana da Kamaru da Masar duk suna da kujera a hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, inda ake yanke shawarar irin man da jirgi zai ƙona a Aktik da irin jirgin da za a bari ya shiga. Ina ganin ya kamata wakilanmu su riƙa buɗe baki a wannan zaure, musamman kan cewa wa'adin 2029 na baƙin mai kada a ɗaga shi ko da kwana ɗaya.

Masu sauraro, lokaci ya ƙwace mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)